Saura Yatsa Biyu Gurun Ila Ya Haɗu

"...da gajiyar hanya? Madalla. To, bawan Allah, wa kake nema a gidan nan?"

"Ke Hafsat, yau ni kike tambaya wa nake nema?"

"Muryar dai ta Mansur ce. Amma Mansur ɗinmu sai ya karkace yake wuce ƙofar nan, kai kuwa ga shi ka shigo sak. Inna, taso ki gani, wani ya sato muryar ɗan ƙanenki!"

Ina zan tashi, ni da waɗannan gwiwoyi? Ina zaune kan tabarmata a inuwar bishiyar bedi ina kallonsu. Hafsat 'yata ce ta uku, tela ce a nan Belbeji, bakinta ya fi kekenta gudu. Mansur kuwa ɗan ƙanena Ila ne, Allah ya jiƙan Ila. Taubasai ke nan. Tun suna rarrafe suke cizon juna, yau kowanne ya ba arba'in baya, amma ba wanda ya yi hankali. Ranar kuma ta cika-ciki ce, wutsiyar ragon layya da muka adana tana kan wuta, ƙamshi ya cika gida.

Na san abin da ya kawo shi, ba nama ba ne. Ila ɗan kokawa ne a zamaninsa, daga Tarka har Ollelewa an san ƙugunsa. Da ya bar fage ya buɗe shago a Tanut, ya zauna, ya yi jiki, har wata safiya ya faɗi a bakin shagon, ɓarin jikinsa ya shanye. Kwana huɗu ya yi ya cika. Mansur yana can bayan Agadas da kamyonsa, babbar motar kayan da yake tuƙawa, ko jana'iza bai samu ba. Abin da Ila ya bari a hannuna gurunsa ne, ɗamarar fata mai layu da yake ɗaurawa in zai shiga fage, tun yana da lafiya ya ce na ɗansa ne. Da Mansur ya zo karɓa, shekara uku ke nan, ya gwada, gurun ya ƙi zagaye shi, har da saura taƙi guda. Hafsat ta fizge, ta ce gurun kawunta ba zai tsufa a jaka ba, sai ranar da ya haɗu a ƙugun mai shi. Muka yi dariya. Ashe da gaske take, ta kulle shi a akwatinta. Tun daga nan duk cika-ciki sai ya zo gwaji.

Ya durƙusa ya gaishe ni, na kuwa lura ya miƙe bai dafa ƙasa ba. Kafin ya gyara zama, Hafsat ta ɗauko tsintsiya tana share gaban takalmansa, don a ranar nan ɗan mace ke yi wa ɗan namiji shara a ba shi tukuici.

"Ubangidana, na yi shara. A sallame ni."

"Baiwar gidanmu, ungo, cuku da dabino daga Agadas. Ki ci a hankali, kujerar kekenki ta aiko mini da ƙara."

"Kujerata? Me ta ce?"

"Ta ce ƙafarta ɗaya ta karye bara, sauran ukun sun kai kukansu wurin mai gari."

"Ƙarya kake! Ni jikin arziki gare ni. Kai fa, a wace tasha ka manta rabinka?"

"Yana Damagaram, na ba da ajiya. In kina so a kawo miki ki ƙara a kan naki."

"Allah ya tsare. Faɗa mini gaskiya, Samira ce ta daina ɗora maka tukunya? In je in yi mata magana, ba a wulaƙanta mana kaya."

"Ke ma haka za ki ce? Kowa haka yake cewa. Matata har kuka ta yi, wai dangi za su ce ta kasa riƙe miji. Wani direba ya ja ni gefe a tashar Tanut, ya ce in daina ɓoyewa, ya san malamin da ke karya sammu."

"To ba sammun ba ne?"

"Likita ne ya yi mini shi. Ya ɗaura mini abin awon tansiyo, wato hawan jini, a hannu, ya duba, ya sake dubawa, ya ce, me ya kashe mahaifinka? Na faɗa masa. Ya ce to kana bin sawunsa, kuma kai da mota kake binsa."

Na ga tsintsiyar Hafsat ta tsaya. Amma 'yar nan ba ta iya shiru ya wuce numfashi biyu.

"Sai ka daina cin abinci ke nan? Iska kake sha a hanya?"

"Na daina cin na hanya dai. Kin san abincin direba? Burodi da mayanes da asuba, taliya tana iyo cikin mai da rana, lemon kwalba uku, shayi kofi uku sukari har ya kwanta a gindi. Duk a zaune, sitiyari na dungurin tumbi."

"Na sani mana. Ranar da na auna ka zan ɗinka maka riga, igiyar awona ta ƙare a cibiyarka, sai da na ari ta maƙwabta na ƙulla."

"Yanzu gora nake ɗauka, fura ba sukari. Wake da zogale a kwano. Shayi kofi ɗaya."

"Fura ba sukari! Inna, kin ji? Mutum ya je birni ya ga likita mai gilashi, ya dawo da abincin da kike ba awaki."

"Kai, ke 'yar nan," na ce, "da shi na raine ki." Ba na shiga wasansu, amma wannan ba zan bari ya wuce ba. Furar da muka sha muka yi noma a Damargu ba ta san sukari ba.

"Kuma ina tafiya," in ji Mansur. "Duk inda ake mini lodi, maimakon in kwanta a ƙarƙashin mota sai in yi ta zagaya tasha. Ranar farko dattawa uku suka bi bayana suna duban ƙasa."

"Suna neman me?"

"Wai su taya ni neman abin da na yar. Sai da muka yi zagaye shida ɗaya ya ce, yaro, makulli ne ko waya? Na ce tumbi ne, Baba, so nake ya ɓata. Ya ce Allah ya ba ka lafiya, ya tafi yana waiwaye."

Hafsat ta yi dariya har ta dafa bango. "To nawa ka rage? Kada ka yi mini ƙarya, idon tela gare ni."

"Na hau ma'aunin buhuna a kasuwa. Da na fi buhun gero da tiya takwas. Yanzu buhu ya fi ni da tiya uku."

"Da takalmi ko ba takalmi?"

"Da takalmi, da hula, da baƙin cikinki a wuyana."

Ta shiga madafa ta fito da akushi, ta ajiye masa a gaba. Muguwa, sai da ta tsamo kitsen wutsiyar nan duka ta jera a sama, yana ƙyalli.

"Bisimilla. Yau cika-ciki. Wanda bai cika cikinsa yau ba, da yunwa zai shekara. Ba ni na ce ba, haka muka taras."

"Zan cika shi. Ƙaro mini yakuwa da romo, ki ba ni tsoka ɗaya. Kitsen ki kai wa kujerarki, ta ji da me ake kashe ta."

"Ɗan guntu ɗaya dai. Ba zan faɗa wa likita ba."

"Bara ma ɗan guntu ɗaya kika ce, na ci, aka zo gwaji ya rage yatsa huɗu."

"Au, laifin wutsiyata ne?"

"Laifinki ne. Ke ce shaiɗanin ƙuguna."

Ya ci yakuwarsa da tuwo kaɗan, ya ture kitsen gefe. Ina kallon maƙogwaronsa yana motsi, wallahi yana so, amma bai taɓa ba. Da ya wanke hannu sai muryarsa ta sauka.

"Hafsat, ɗauko mana. Masu sauke kaya sun kusa gamawa, kafin magariba zan kama hanyar Tanut."

"Gaggawar me kake? Guru ba ya gudu."

"Ni ne nake gudu. Kwana uku a wata nake yi a gida." Ya dubi ƙasa. "Kin san ni nake riƙe masa shi in za mu fage? Ina rataya shi a wuya, yana jan ƙasa, ina jin warin fatar da zufarsa. Yanzu in na zo wucewa ta gaban shagon nan sai in rage gudu, kamar zan gan shi a kan benci. Wani mai sayar da taya ne a wurin. Ban wanke shi ba, Hafsat, ban ɗauki makararsa ba. Abin nan kaɗai ya bar mini."

Ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar akwati, ta fito da shi a naɗe cikin tsohon zanena. Ni da na ga baƙar fatar nan sai na tuna da mai ita. Ina kewar Ila, ba ranar da ba na kewarsa.

Mansur ya tuɓe riga ya miƙe. Ta zagaya masa gurun, ta jawo igiyar da maɓallin. Suka matso, suka matso, suka tsaya.

"Saki numfashi!" Ta ɗaka masa duka a ciki. "Kana shanye tumbi kamar ban gani ba."

"Ban shanye ba."

"Idonka ya fito waje. Saki!"

Ya saki. Ta sa yatsunta a tsakani. "Saura biyu."

"Ja da ƙarfi."

"In tsinka gurun kawuna? Saura biyu, ubangidana."

Na zaci zai yi gardama kamar bara, ya ce yatsunta ne masu kauri. Bai ce ba. Ya kwance da kansa, ya kai shi hancinsa ya daɗe, sannan ya miƙa mata da hannu biyu.

"Kin ci. Mayar da shi. Baɗi, in muna da rai."

Wannan "in muna da rai" ita ta tayar mini da hankali. Na buɗe baki zan ce, ke Hafsat, wasa ya isa, ba marayan nan kayan ubansa. Sai na ga ta jawo almakashinta daga ɗaurin zane. Ta juya gurun, ta ɗaga layar tsakiya, ta shiga tsinke wani ɗinki da baƙin zare. Ta ja, sai ga igiya tana fitowa daga ƙarƙashin layar, a ninke, tsawon yatsa huɗu cif.

"Wannan fa?" in ji Mansur.

"Ajiya ce. Ranar da na kulle shi na ninke ta na ɗinke."

"Ke! Ashe tun bara..."

"Tun bara ya kamata ya haɗu. Da na ba ka bara, da ka koma wa mayanes ɗinka a ranar." Ta sake zagaya masa, maɓallin ya shige ba gardama, har gurun ya ɗan sauko kan ƙugu. "Ni na yi jinyar Kawu kwana huɗun nan, Mansur. Ni nake ɗiga masa ruwa da cokali, yana kallon ƙofa ko za ka shigo. Ba zan sake riƙe wannan cokalin ba. In ka tafi, wa zan yi wa shara?"

Ya dube ta, ya dubi gurun. Sai dariya ta ƙwace masa, hawaye na zuba cikin gemu.

"Ɓarauniya! Gwaggo, kin ga baiwar da kika haifa mana? Shekara guda ta sace mini!"

"Na ƙara maka dai, mara godiya. Kuma baɗi ka zo, zan gwada. In ya matse, na karɓe."

"To ki shirya, ke ma zan zo da ma'aunin buhuna."

"Fita mini daga gida!"

Ya mayar da rigarsa a kan gurun, ya durƙusa ya yi mini sallama, ya nufi ƙofa da sauri don masu sauke kaya na jira. Na bi bayansa da kallo, kafaɗun nan, da yadda yake taka ƙasa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ila!"

Hafsat ta juyo ta dube ni. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa, bai gyara mini ba.

"Na'am, Gwaggo," ya ce.