Ranar da Garin Tona Ya Yi Mini Wanka

Ba zan taɓa mantawa da ranar jarabawar lissafi a makarantar da nake akawu a Tsafe ba, duk da na yi ƙoƙarin mantawar. Ƙarfe goma ɗalibai za su zauna, ƙarfe takwas injin fotokwafi ya tsaya cak, wai akwatin da ke tara ragowar garin tona, wato baƙin garin da yake bugu da shi, ya cika.

Oga Sunday, mai gyaran injin da ke zuwa mana daga Gusau, ya sha gaya mini: "Malam, akwatin nan roba ne. In ka goge shi da busasshen tsumma, wuta na taruwa a jikinsa, irin wadda ke sa mataji ya ɗauki guntun takarda. Ka taɓa ƙarfe tukuna, ka ɗan jiƙa tsumman auduga, kuma kada ka cire wayar da ta shiga ƙasa." Ni kuwa sai "to, to," ina hamma. (Wayar nan tuni na ɗaure ƙofar ofis da ita, Allah ya yafe mini.)

Na zaro akwatin, na zazzage rabi a leda, sai na ga bayansa ya yi dauɗa. Su o'o masu tsafta! Na samo busasshiyar safar roba na dirje shi har yana ƙas-ƙas. Ina kai hannu, ya tsikare ni a yatsa, na zabura na sake shi. Garin ya tashi, bai ga wurin sauka ba sai fuskata, gemuna, farar shaddata, da takardar tambayoyin, wadda ita kaɗai ce.

Don ƙarin wauta, na wanke fuska da ruwan zafin shayina. Ashe zafi ƙara manne shi yake yi.

A haka Hajiya shugabar makaranta ta leƙo. "Subhanallahi! Malam, mi ya same ka? Ina tambayoyin yara?"

Na nuna mata baƙar takarda. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Alli ta miƙo mini, da littafin da malamin lissafi ya rubuta tambayoyin a ciki. Aji huɗu na zaga ina kwafe tambayoyi a allo, yara na danne dariya har suna tari. Wallahi na gaji, na ji kunya.

Yanzu igiya ce a ƙofa, waya ta koma mazauninta, kuma in Oga Sunday na magana ba na hamma. Shaddar ta zama tsumman goge injin. Sunan Malam Gawayi da yara suka laƙaba mini ne kawai har yau ya ƙi wankuwa.