Zannuwan Inna a Bangon Majami'a

Mu uku ne a gidanmu: Inna, ni, da yayana Habila, wanda duk abin da aka faɗa masa yake yi daidai yadda aka faɗa. Inna kaɗai ta iya aikensa. Shi ke kaɗa ganga a sabuwar majami'armu, kuma ba shi da wani abu a duniya sai gangar nan. Ginin siminti ne da rufin kwano, ba silin. In ya buga sau ɗaya sai ginin ya yi ta maimaitawa, waƙa ta ɓace a ciki.

Wata rana Fasto Istifanus ya ce masa ya cusa abu mai laushi a ramin babbar gangar don ƙarar ta ragu. Habila ya duba gidanmu kaf, bai ga abin da ya kai kazar Inna laushi ba. Ana cikin addu'ar buɗewa ta fara kyarkyara, wasu tsofaffi suka amsa da amin.

Wata rana kuma Mama Rifkatu, shugabar mawaƙa, ta ce ya yi ta matsawa baya har sai ya daina jin amsa-kuwwar. Ya matsa, ya fice ta ƙofa, ya kai bakin rafi. Masu zuwa a makare suka bi kiɗa suka taru can, suna tambayar wa za a yi wa baftisma. Dattawa suka ce in gangar ta sake danne waƙa za a karɓe ta.

Wata rana Inna ta kwanta, ba ta tashi ba. Da safen jana'iza hankalina ba ya jikina, na ce masa, "Yaya, ɗauko zani ka lulluɓe abin da ke ƙarar nan."

Da muka shigo majami'a da akwatin gawa sai muka tarar da gangar a buɗe. Zannuwan Inna ne rataye a bango tun daga ƙofa har bagadi, har da na zumuntar mata da na aurenta, waɗanda dangi za su raba. Gwaggo Saratu ta riƙe baki. Na tambaye shi me ya yi haka.

"Ganga sau ɗaya take magana," in ji shi. "Bango ne mai surutu."

Ya buga, ginin bai amsa ba. Ranar muka fara jin kalmomin waƙar ɗaya bayan ɗaya, ko'ina ƙamshin adakar Inna. Dattawa ba su sake zancen gangar ba. Zannuwan suna nan, har yanzu kusa da shuɗin cikinsu nake zama.