Ranar Masu Taya

Don Allah don Annabi, wanda ya karanta kada ya ce ni na faɗa. Ko kun gane sunana ku yi shiru, mutumin nan gidanmu yake shigowa.

Wani ne can wajen Kadawa, tun tasowarsa aikinsa rabon ruwan kanal na noman rani. Yau a buɗe wa gonakin gabas, gobe na yamma. Sai ya samu gadi a wata kwaleji. Makarantar kuwa hanya ɗaya gare ta, 'yar siririya daga get zuwa azuzuwa, kullum sai mai babur ya kwashe mai tafiya a ƙafa.

Shugaban makaranta ya kira shi ya ce, "Ka raba min masu ƙafa da masu babur. Aka sake kaɗe wani, a bakin aikinka."

Ya ce, "Rabo? Yallaɓai ai sana'ata ce."

Washegari ya jibge buhunan yashi a get, ya bar 'yar kafa. Ya ce yau ranar masu ƙafa ce, gobe ta masu taya.

Sai ga wani ɗalibi Hambali a kan babur. "Baba buɗe, malami ya shiga aji."

"Ba ranarka ba ce."

"To in sauka in tura."

"Taya za ta taɓa ƙasa?"

"Eh mana."

"Satar ruwa ke nan. A gona da tuni an fasa maka kai."

Sai da Hambali ya nemo ƙarti uku suka saɓa babur ɗin a kafaɗa har ƙofar aji.

Kashegari ga wata Nafisat a ƙafa tana haki. "Baba, jarrabawa gare ni ƙarfe tara!"

"Jiya ina kike da aka buɗe muku?"

"Jiya ai ba ni da jarrabawa!"

Ta fashe da kuka. Tausayi ya kama shi. Ya aro baron mai tumatir, ya kakkaɓe ya ce, "Shiga 'yata, wannan yana da taya." Ya ɗaure baron da igiya a bayan babur ɗin Hambali. Kafin ƙarfe goma duk baron da ke bakin titi an are shi an ɗaure a bayan babur, har malamai a ciki, sun rungume jaka.

Su kuwa masu babur da suka ji hanya tasu ce yau, sai gudu kamar an saki ruwa. Shugaba ya fito daga ofis a ƙafa, hannu a baya, yana duba furanni. Babur dai ya kauce masa, baron da ke baya ne bai kauce ba. Sai ga Shugaba tsundum a kwata, hula can, takalmi can.

Aka tsamo shi yana ɗiga. "Ina mai gadin nan?"

"Ga ni Yallaɓai. Sannu. Amma kai ma ka fito ba ranarka ba."

Wayyo, ga takun wani a zaure, bari in ƙarasa da sauri.

Shugaba ya daka masa tsawa, "Na kore ka! Ka fice min daga makaranta yanzun nan!"

Mutumin ya gyara zama a kan buhun yashi ya ce, "Sai dai gobe Yallaɓai. Yau ranar masu taya ce, ni kuwa a ƙafa na zo."