Jan Layin da Na Ja wa Baba Kofi

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Sabon Gari ba, ko da kuwa zan manta ranar da aka ɗauke ni aiki. Amma bari in bi abin daki-daki, domin ni ba na son labarin da ake farawa daga tsakiya.

A shekarun da wayar salula ta fara shiga hannun talakawa, ina aiki a wani ƙaramin ofis a Zariya. Ni ne mai riƙe da rajistar baƙi 'yan ƙasashen waje da ke zaune a Samaru da Sabon Gari. Karatuna bai yi nisa ba, sakandare na gama, amma rubutuna yana da kyau kuma ba na tsallake layi. Duk baƙon da aka ba katin izinin zama yana da fayil a durowata, yana kuma da layi guda a babban littafi: suna, ƙasa, sana'a, unguwa, da ranar da katinsa zai ƙare. Akwai ɗaliban Samaru daga Nijar da Kamaru da Chadi, akwai malamai, akwai 'yan kasuwar unguwar PZ da masu sana'ar hannu.

Ƙarshen kowane wata sai in ƙirga, in cika wani fom mai gida huɗu: sababbi, waɗanda suka sabunta kati, waɗanda suka koma ƙasarsu, da waɗanda suka rasu. Fom ɗin ya tafi babban ofis a Kaduna, a haɗa shi da na sauran garuruwa, a shigar a kwamfuta, a tura gaba. Duk adadin baƙin da ka ji wani babba ya karanta a rediyo, daga irin durowata ya faro. (Matata ta gaji da jin wannan maganar. Ita nake ba ta amsa da ita duk ranar da na makara dawowa.)

Gida uku na farko ba su da wuya, domin mutum yakan zo da ƙafarsa. Na huɗun ne matsala. Wanda ya rasu ba ya zuwa ya sanar, iyalinsa kuma ba mu ne a ransu ba. Wata rana shugabanmu, Oga Danladi, ya dawo daga taro a Kaduna fuskarsa a ɗaure, ya tsaya a kaina.

"Malam, an ce baƙinka ba sa mutuwa," in ji shi. "Wata da watanni gidan nan na huɗu babu komai sai sifili. Har tambayata aka yi wane irin ruwa ake sha a Zariya."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ni a ce littafina yana ɗauke da matattu a cikin masu rai? Na ƙuduri aniyar sai na tace shi tas. Na zauna na tsara wa kaina ƙa'ida, cewa ba zan soke sunan kowa ba sai da hujja uku. Ta ɗaya, sanarwa a rubuce. Ta biyu, in ga wurin sana'arsa da idona. Ta uku, shaidar maƙwabci. Na rubuta ta da manyan baƙaƙe na manna a jikin durowa, ina jin kaina kamar wanda ya ƙirƙiro wani ilimi.

Ta fannin sanarwa kuwa, Sabon Gari ta sauƙaƙa mini. Kiristocin unguwar in an yi musu rasuwa sukan buga fosta mai hoton mamacin, da shekarunsa, da ranar jana'iza, su manna a bango da turakun lantarki. Sai na mai da shi aiki: kowace Laraba in hau mashin ɗina in zaga ina karanta bango.

A Laraba ta uku na ci karo da fuskar da na sani. Baba Kofi ne, mutumin Ghana mai gyaran agogo a bakin kasuwa, wanda ya zo Zariya tun ina firamare. A duk littafina babu mai kiyaye doka irinsa. Shi ke zuwa sabunta kati tun kafin lokaci, da bironsa a aljihu, kuma katinsa na wannan karon ƙarshen watan zai ƙare. Ga shi a bango cikin baƙar kwat, babu murmushi, an zagaye hoton da furanni. Ga lamba saba'in baro-baro. Ga ranar Asabar, ga sunan coci, ga kwatancen gida. Saman fostar ne kawai ban gani ba, domin wani mai tallar maganin basir ya manna tasa a kai. Na tsaya na yi tunanin ɓare ta, sai na ce ba ni na manna ba, ba hurumina ba ne. Hujja ta ɗaya ta samu.

Na wuce shagonsa, na tarar da kwaɗo a ƙofa, ƙura ta hau tebur. Hujja ta biyu ke nan. Maƙwabcinsa, wani Ibo mai sayar da batir da tocila, yana zaune a waje. Na gaishe shi na rage murya.

"Na ga fosta."

"E, ranar Asabar ne," in ji shi. "Duk 'ya'yansa sun iso, har da na Kumasi. An sayi saniya."

"Allah ya ba su haƙuri."

"Amin, Malam. Hidimar ba ƙarama ba ce."

Hujja ta uku ta cika. (Ka lura ban tambaye shi ko mutumin ya mutu ba. A ganina ba ladabi ba ne ka tambayi abin da ka riga ka sani.)

Ranar Alhamis na ɗauko rula da jan biro, na ja layi a kan sunan Baba Kofi daga wannan gefe zuwa wancan, ko karkacewa bai yi ba. Ranar Juma'a na ɗaure fayil ɗinsa, na haɗa da fom ɗin wata, aka tafi da su Kaduna. Na ji zafin rashinsa, wannan gaskiya ne, domin sau biyu yana gyara mini agogo. Amma Allah ya yafe mini, sa'ad da na rubuta ɗaya a gida na huɗu, sai da na ɗan ji daɗi.

Saura abu guda. Doka ta ce a karɓo katin mamaci a mayar. Don haka ranar Asabar bayan azahar na saka farin kaftani, na tafi da niyya biyu: in yi ta'aziyya, in karɓo kati.

Tun daga bakin layi na ji kiɗa. An kafa rumfuna, mata sun sha anko, ana ta kai faranti ana kawowa. Ban yi mamaki ba, domin na sha ganin yadda Kiristocin unguwar suke sallamar dattijon da ya rasu da kiɗa da abinci. Wata mata ta miƙo mini shinkafa, na ce a'a, ba ta wuce mini a irin wannan rana. Matar ta dube ni ta wuce.

Na hango uwargidan Baba Kofi, Mama Rifkatu, 'yar ƙasar Zazzau ce, ta kafa gwaggwaro tana ta dariya da baƙi. Na ce a raina, wannan baiwar Allah akwai tawakkali. Na je gabanta na russuna na fara magana, amma kiɗa ya hana ta ji. Mai gabatar da taro ya gane ni, ya ɗaga hannu aka tsai da kiɗa, ya ce ga babban jami'i daga ofishin baƙi zai yi jawabi. Ya danƙa mini makirufo. Ni kuwa ban saba mayar da aiki ba. Na gyara tsayuwa.

"Abu uku ne ya kawo ni," na ce, muryata tana fita ta lasifika har bakin titi. "Na farko, a madadin ofishinmu, ina yi wa iyalan marigayi ta'aziyya. Mutum ne mai bin doka, bai taɓa barin katinsa ya ƙare ba. Na biyu, ina sanar da ku cewa mun rufe fayil ɗinsa yadda ya kamata, mun tura Kaduna, kada ku damu da wannan. Na uku, in hankali ya kwanta, a ba ni katin, domin doka ta ce a mayar."

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka jawabin ne ya ratsa su, har na ɗan sunkuyar da kai.

"Malam," in ji Mama Rifkatu, "wane marigayi?"

Sai a lokacin na dubi teburin da ke bayanta. Ga wani ƙaton kek mai lamba saba'in. A bayan kek ɗin ga wani dattijo ya yafa zanen Ghana mai launi-launi, cokali a hannunsa, shinkafa a cikin cokalin. Ya ajiye shi a hankali, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube ni irin duban da yake wa agogon da ya tsaya.

"Malam," in ji Baba Kofi, "yaushe na mutu? Ba wanda ya gaya mini."

Bikin cikarsa shekara saba'in ake yi. Abin da ke rubuce ke nan a ƙarƙashin fostar maganin basir.

Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Faston cocinsu ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Mai batir yana can yana nuna ni yana ba na kusa da shi labari. Ni kuwa ina tsaye cikin farin kaftani, makirufo a hannu, na rasa wanda zan miƙa wa. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba.

"Dakata," in ji Mama Rifkatu. "Koma na biyun nan. Ka ce kun rufe me?"

Na faɗa mata. Katin zai ƙare ƙarshen wata, kuma ba a sabunta wa wanda aka rufe fayil ɗinsa.

"Wato mijina zai wayi gari ba shi da takardar zama a garin da ya haifi 'ya'yansa duka? Da tsufansa za a tare shi a hanya a ce ya nuna kati?"

Dariya ta ɗauke. Na ce mata, har yanzu ta lasifika domin na manta in sauke abin: "Mama, ni na ja layin. Ba zan zauna ba sai na gyara."

Ranar Litinin Oga Danladi ya saurare ni har ƙarshe, ya fita waje ya sha dariyarsa, ya dawo yana share ido.

"Kai ka kashe shi, kai za ka tashe shi," in ji shi. "Ranar Laraba suke shigarwa a kwamfuta. In ya shiga ya wuce gaba, sai dai ka bi shi Abuja."

A ranar na ɗauko Baba Kofi muka nufi tasha. A mota bai raga mini ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Yi haƙuri ɗana, matsa wa gawa kaɗan. Ga mai rakiyata nan." Kafin mu kai Jaji kowa ya san labarin, har direba yana leƙena ta madubi.

A babban ofis muka sami wata Hajiya mai haɗa alƙaluman garuruwa. Na yi bayani, Baba Kofi ya matso ya ce, "Ga ni, 'yata."

"Na gan ka, Baba, sannu da hanya," in ji ta. "Amma fom ɗina gida huɗu gare shi, babu gidan waɗanda suka dawo. Zan gyara, sai dai ina bukatar abu uku. Na ɗaya, wasiƙa da hannun wanda ya yi kuskuren. Na biyu, sa hannun shugabansa. Na uku, shaidar fastonka cewa kana zuwa coci da ƙafarka."

Ranar na fara jin yadda "na ɗaya, na biyu, na uku" ke sauka a kunnen wanda ake faɗa wa. Ban yi musu ba, domin da ni ne a kujerarta da huɗu zan nema.

Muka koma Zariya. Talata na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasiƙar sau biyar ina rubuta ta ina yagawa, domin babu wata hanya mai mutunci ta rubuta cewa mutumin da ka ce ya rasu ka same shi yana cin shinkafa. Fasto ya ba ni tasa, amma sai da ya kira matarsa ta zo ta ga mai ta'aziyya. Laraba na riga mai shara isa ƙofar Hajiya. Ta karanta takardun uku a tsanake, ta ciro fayil ɗin daga cikin na matattu, ta ɗauki fom ɗina ta soke ɗayan nan da na yi alfahari da shi, ta mayar da sifili. Aka sabunta katin Baba Kofi saura kwana biyu ya ƙare. Ni na kai masa har shago, Mama Rifkatu ta karɓa ta duba gaba da baya kafin ta amsa gaisuwata.

Jan layin dai bai gogu ba, domin ƙa'idar littafin ta hana gogewa, kuma ni na fi kowa tsaurara ta. Sai na rubuta a gefensa da ƙananan baƙaƙe, "Yana da rai," na sa hannu. Duk wanda ya gaji durowar nan zai gani. Baba Kofi kuwa, duk lokacin da ya zo sabuntawa sai ya miƙo mini hannu ya ce, "Taɓa ka ji, Malam, kafin ka ɗauko rula."

Takardar hujja ukun nan na ɓare ta daga jikin durowa (ita ni na manna, hurumina ce). Na maye gurbinta da layi ɗaya: kafin ka ja wa mutum jan layi, je gidansa ka yi sallama. In shi ya amsa, mayar da biron aljihu, ka karɓi shinkafar.