Turaren Wuta a Tsakiyar Teku

Ba zan taɓa mantawa da tafiyar da na tilasta wa maigidana muka yi bayan bikinmu ba. A Harra aka haife ni, nan Madina, amma littattafan soyayya da alhazan Kano ke kawo mana su suka raine ni. Shi kuwa gyaran mukayyif yake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma tun da aka ɗaura aure maganarsa mafi daɗi ita ce, "Abincin ya yi." Na rantse sai bakin nan ya furta mini kalamai irin na littafi. Na nace, na haɗa da kuka, har ya kama mana wuri a wani ƙaramin jirgin ruwa da ke tashi daga Yanbu yana zagaya tsibirai.

Ɗakin da aka ba mu bai kai kicin ɗinmu ba. Gado biyu, ɗaya bisa ɗaya (a wane littafi aka taɓa ɗora ango a sama kamar akwatin lefe?). Taga kamar faifai, banɗaki na kowa da kowa, kifi da shinkafa safe da yamma. Ango kuwa tun kafin tsibirin farko yake amai. Ban karaya ba.

Bayan la'asar ya hau sama shan iska. Na rufe ƙofa, na ci ado, na zaro kaskon da na ɓoye cikin kaya, na hura gawayi, na zuba turaren wutar da Gwaggo ta haɗa mini, ba awo. Ina juyi cikin hayaƙi ina bitar murmushi, sai wani abu a rufin ɗakin ya tsala ihu.

"Wuta! Wuta!"

Aka kashe inji, ko'ina gudu. Kafin in lalubo mayafi an banke ƙofa, wani ma'aikaci ya feshe kaskon da farin garin kashe gobara, ya feshe gadon, ya haɗa da ni.

Haka aka fito da ni gaban fasinjoji, kowa sanye da rigar ceto, yara na kuka, ni kuwa fara fat kamar an birgima ni cikin fulawa. Tsohon da ke tuƙa jirgin ya ɗaga kaskon sama.

"Ya binti, jirgin katako ne fa! Gasa mu kika zo yi?"

Wata Hajiya 'yar Cadi ta shaƙi iska ta ce, "Amma wallahi turaren na asali ne. Amarya, wa ya haɗa miki?"

Sai ga maigidana ya ratso mutane ba takalmi. Ya cire shimagin kansa, mayafin nan na mazan Larabawa, ya lulluɓe ni.

"Na zaci kin ƙone," ya ce a hankali. "Da kin ƙone, me zan koma yi a Madina?"

Na lumshe ido ina jiran saura. Ya miƙo hannu.

"Halas, ya isa haka. Ba ni ashanar."

Har muka sauka, Amaryar Gobara ake kirana, yara na bina suna shinshina. Abin da na koya shi ne, namiji mai nauyin baki tsoro ne ke buɗe masa shi. Sai dai idan za ki tsorata shi, 'yar'uwa, ki bari sai kuna kan tudu, inda akwai hanyar gudu.