Gayyar da Ta Kore Mana Kwami

Jama'a, yau ƙorafina kashi biyu ne, kuma kashi mafi tsoka nawa ne.

Makon jiya aka aiko cewa Mai Girma Sarkin Alkawari zai kawo masana su duba idon ruwan fadamarmu, nan gefen Turba. Wai fadamar da ta ci jarrabawa za a kewaye idonta, a gina wa shanu kwamin shan ruwa daga gefe. Duk wanda ya san yadda manoma da makiyaya ke kai ruwa rana a wurin nan kowane rani ya san darajar kwamin. Abin da za a duba kuwa, ba wanda ya ga damar gaya mana.

Ni da nake ganin na fi kowa sanin halin manya, na ce abin kunya ne su tarar da ƙazanta. Na kira gayya. Muka yashe idon ruwan, muka tuge ciyawa, muka kwashe katantanwa da matsattsaku da tsutsotsi kwando-kwando, muka watsar a tudu. Lawwali makiyayi ya ce, "Malam, abubuwan ga tun kakanninmu suna nan. Mi sunka yi ma?" Na ce ya ji da shanunsa, harkar gwamnati sai mu.

Motoci goma sha ɗaya suka zo, amma mai aiki ɗaya ce, wata Malama Mas'uda da 'yar koma da faranti. Ta tsoma, ta ɗaga, ta sake tsomawa.

"Baba, ina ƙwarin ruwan? Su muka zo ƙirgawa. Yawan irinsu ne ke nuna lafiyar ruwa."

Kunya ta kama ni kamar in nitse, ga ruwan ya yi garau, ba wurin ɓuya.

Iri biyu ta samu. A fadamar maƙwabtanmu, waɗanda ko tsinke ba su ɗaga ba, ta samu ashirin da bakwai, kwami ya tafi can. Mai Girma bai sauko daga mota ba, amma ya sauke gilashi ya yaba tsabtarmu. Allah ya ƙara masa gani.

Yanzu kullum da safe ina fadamar mutane da bokiti, ina roƙon iri. Lawwali yakan wuce da shanunsa, ya gaishe ni cikin ladabi, abin ya fi zagi ciwo. Don haka duk wanda matsattsaku ya kama, don Allah kada ya kashe. Ya kawo mini, ina da masauki mai tsabta.