Baba Nomau da Garmahon Iya Dije

Wani mutum ne a layinmu nan Funtuwa, Baba Nomau. Ku matso, don Allah kar maganar nan ta fita, har yanzu yana bi ta ƙofar gidanmu, in ya ji ni na faɗa na shiga uku.

Shi dai babu abin da aka taɓa yi a duniya ba da shi ba. Ranar da Turawa suka taka wata? Wai shi ya riƙe wa dagaci eriyar rediyo, hannunsa a sama tun da suka tafi har suka sauko, shi ya sa kafaɗarsa take ciwo har yau. Majigi? Shi ya ɗaura farin ƙyallen. Talabijin ta farko a garin nan, wai mutane suna zagayawa bayanta neman 'yan mutanen ciki, shi ya yi musu bayani. Bikin al'adun nan da aka yi a Ikko kuwa, wai don ya makara ne aka jinkirta kiɗa. Ni ban yi wani karatu ba, amma ko ni na san abin ya yi yawa.

To, sai ya ga Anti Tasalla ya ce yana so. Ƙanwar babana ce, mijinta ya rasu, a gidanta nake taya ta ƙulla zoɓo da ƙanƙara. Firji uku gare ta. Mutane suka ce ba ita yake so ba, firjin yake so. Ita kuwa labaransa sun fara shigarta, har ta ce in mahaifiyarta, Iya Dije, da ke zaune tare da ita, ta yarda, shi ke nan.

Ran da ya zo gaishe da Iya, sai hira ta kai kan garmaho, akwatin waƙar nan na da mai faifai.

"Garmaho?" in ji shi. "Iya, ai ni ne garmaho! Duk bikin da aka yi daga nan har Bakori ni nake sawa. Ido rufe ma zan kunna shi."

Iya ta zabura. "Kai, Nomau! Ashe Allah ne ya kawo ka. Na marigayi Malam yana ƙarƙashin gadona. Gobe da la'asar ka zo ka sa mana, in tuna amarcina."

Baba Nomau ya gyara zama.

"Gobe... goben nan?"

"Ita."

Kafin gari ya waye Anti ta gaya wa duk layi.

Washegari da azahar ina leƙe ta tagar kicin, sai ga Baba Nomau a zaure, saɗaf-saɗaf. Ya duba hagu, ya duba dama. Ya miƙa hannu sama, fit! Ya zare fis ɗin wutar gidan ya cusa a aljihu. Firji uku suka yi tsit. In faɗa, ya ce na yi masa sharri. In yi shiru, ƙanƙara ta narke. Na dai koma kan ƙullin zoɓona.

La'asar na yi, tsakar gida ya cika, har kan katanga. Baba Nomau ya shigo da babbar riga tana ƙamshin turare. Aka fito da garmaho, wani akwati baƙi, duk ƙura. Ya zagaya shi ya fi a ƙirga. Ya hura shi, fuu. Ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne.

"Uhm. Ɗan Ingila ne. Irinsa na fi so." Sai ya ɗaga kai ya kalli ƙwan fitila. "Kash! An ɗauke wuta ne?"

"Tun azahar," in ji Anti. "Ga ƙanƙarata can tana ta hawaye."

Ya tafa hannu. "Wayyo! Yau da kun ga aiki. To ya za a yi? Garmaho ba wuta, ai gawa ne. Sai dai wani jiƙon."

Har ya fara gyara riga zai tashi.

Iya Dije ta kalle shi.

"Nomau, wuta ka ce?"

"Wuta, Iya. Mai ƙarfi ma. Wannan sai ya sha ta firji biyu."

"Ikon Allah. To mu da aka kai ni gidan Malam da fitilar aci-balbal, da wace wutar muka yi rawa?"

Ta jawo akwatin gabanta. Ta ciro wani lanƙwasasshen ƙarfe daga cikin murfin, ta zura a wata 'yar ɓula ta gefe, ta hau wanawa. Ƙirrr, ƙirrr, ƙirrr. Ta goge faifai da gefen zaninta, ta ɗora, ta sauke allura. Shhh... sai kalangu ya fashe, tam-tararam-tam!

Jama'a, wallahi Baba Nomau bai taɓa jin garmaho ba a rayuwarsa. Ya yi tsalle sama.

"A'uzubillahi! Ba waya! Ba waya yake magana!"

Ya ja da baya, ƙafarsa ta faɗa robar da muka tara ruwan ƙanƙara, ya zame, tim! Babbar riga ta rufe masa kai. Sai wani farin abu ya fito daga aljihunsa yana gangarawa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, ya je ya tsaya daidai ƙafar Anti Tasalla.

Yaran kan katanga saura kaɗan su faɗo don dariya. Iya kuwa ko a jikinta, ido rufe tana kaɗa kafaɗa, tana cewa, "Allah ya jiƙan Malam."

Anti ta sunkuya ta ɗauki fis. Ta juya shi. Ta kalli firjinta, ta kalli ruwan da ya malale tsakar gida.

"Hajiya, tsaya ki ji," in ji shi daga cikin riga, "gyara shi zan yi..."

Ta ɗaga gefen rigar, ta danƙa masa a hannu.

"Ashe masu ɗauke mana wuta har turare suke sawa. Tashi ka maida shi inda ka ciro. Zauren ma a hanyarka yake, kana gamawa ka wuce."